Tagar Ɗakin Goro

Duk wanda ya san ƙasar Bebeji ya ji labarin Gidan Madugu, ko da bai taɓa taka zaurensa ba. Gida ne na tun zamanin fatauci, lokacin da ake kora jakuna Gwanja a dawo da goro. Baƙi sukan zo kallon bakan gizon rufinsa da zanen bangayensa, su yi ta jinjina kai, a ba su fura su sha su tafi. Ban taɓa jin wanda ya tambayi wadda ta dama furar ba, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Sunanta Hasana, yayar masu gidan, Ɗanasabe da ƙanensa Mudi. Da mijinta ya rasu ba ta da ɗa, sai ta dawo gidan ubanta, aka ba ta ɗakin goro ta zauna. Madugu ya gina ɗakin ne don ajiyar huhunan goro, shi kuwa goro ba ya son rana, ba ya son iska. Saboda haka aka yi masa bango mai kauri da 'yar ƙofa guda ɗaya, aka ƙawata rufin da zane, amma babu taga ko ta zura yatsa. Ga goro, babu ɗakin da ya fi shi.

Shekarar da aka ce wani Bature mai kula da kayan tarihi zai zo ganin gidan, Ɗanasabe ya zaga ya ga madafin ciyawa da ke jingine da tsohon bango, ya ce wannan abin kunya ne, ya sa aka rushe shi. Bature ya zo tare da Malam Rufa'i, malamin hakimi, ya duba, ya yaba, ya ɗauki hoto. Kafin su tafi Malam Rufa'i ya tara mazan gidan ya ce daga yau gidan nan yana hannun hukuma: kada a rushe, kada a huda, kada a ƙara gini, sai an sanar da hakimi an sami izini. Ɗanasabe ya ji daɗin maganar nan ƙwarai. Tun daga ranar ya sake ɗaurin rawani, tafiyarsa ma ta canza.

Da rani babu wanda ya tuna da madafi, ana girki a tsakar gida. Da ruwa ya sauka sai aka rasa inda za a kafa babban murhu. Matan gidan kowa tana da ɗan lungun da take dafa na ɗakinta, amma tukunyar 'yan aikin gona da kaskon tuyar ƙuli-ƙuli na Hasana ne, kuma da man gyaɗar da take matsa ake cefanen gidan. Ɗanasabe ya ce a shigar da murhun ɗakin goro kafin a ga abin da Allah zai yi.

Itacen damina jiƙaƙƙe ne. In Hasana ta hura wuta, hayaƙi sai ya tashi ya bugi rufi ya rasa hanya, ya dawo ya zauna a kanta. Wanda ya leƙa ba ya ganin komai sai jan wuta da inuwar mace a durƙushe. Takan fito bakin ƙofa ta sha iska, hawaye na zuba, ta share da gefen zane ta koma, don tuwo ba ya jira.

Wata safiya Mudi ya zo gaishe ta. Ya tsuguna daga waje, don ba ya iya shiga.

"Yaya, ina kwana? Yaya idon?"

"Da sauƙi, Auta. Amma ka ce wa yayanka a huda mini 'yar taga can sama, ko kamar faifai ce. Hayaƙin nan zai cinye mini ido."

Mudi ya je ya sami Ɗanasabe a zaure ya faɗa masa. Ɗanasabe ya dube shi kamar ya ce a rushe masallaci.

"A huda? Ba a gabanka aka yi magana ba? So kake a zo a ɗaure ni? Ni ban hana ba, Yaya ai uwa ce a wurinmu. Amma sai da izini. Kai ne kake zuwa gaisuwar Juma'a wurin hakimi, ka kai maganar. Ran da aka ce a huda, ni da kaina zan kira magini."

Da haka Ɗanasabe ya sauke kayan daga kansa ya ɗora wa ƙanensa, kuma bai sake waiwayarsu ba.

Mudi ba mugu ba ne, wannan kowa ya shaida. Hasana ce ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, kuma yana sonta. Sai dai akwai ladabin da kowane talaka ya sani: in ka faɗi gaban babba, buƙata ɗaya ake kaiwa. Wanda ya jero biyu a zama ɗaya, fadawa za su ce ba shi da ta ido, kuma wataƙila ya rasa duka. Mudi kuwa yana da tasa buƙatar. Akwai wata 'yar fadama wajen hanyar Kiru da ya daɗe yana so ya dasa rake, ga wani maƙwabci shi ma ya sa mata ido.

Ranar Juma'a ya tafi da maganar taga a bakinsa. Ya cire takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa. Da aka ce masa, "Mudi, da magana?" sai ya hango maƙwabcin nan zaune cikin jama'a. Ya ce a ransa taga ba za ta gudu ba, fadama kuwa za ta gudu. Ya roƙi fadama, aka ba shi.

Da ya dawo, Hasana tana bakin ƙofa tana jiransa, idanunta jajur.

"Ka kai, Auta?"

"Na kai, Yaya. An ce za a duba. Kin san abin hukuma, sai an aika Kano."

"To, Allah ya sa su duba da wuri. Sannu da ɗawainiya."

Ta miƙa masa ƙuli mai zafi a ɗan kwano, irin wanda take ajiye masa tun yana yaro. Ya karɓa ya ci, bai ji ɗanɗanonsa ba. Ya yi wa kansa alkawari Juma'a mai zuwa zai gyara. Juma'ar ta zo, ya ga bai kamata wanda aka yi wa alheri makon jiya ya sake buɗe baki yau ba. Ya bari a ɗan huta.

Idon Hasana ya fara kwantsa. Da safe sai ta sa ruwan ɗumi kafin ya buɗu. Ta sa kwalli, ta wanke da ruwan ganye, Tani matar Mudi da ke shayarwa ta ɗiga mata nono, duk a banza. Kowa a gidan yana da abin faɗa. Wata ta ce tsufa ne. Wani ya ce ciwon ido yawo yake yi bana. Ɗanasabe ya ce uwayenmu da hayaƙi suka girma, ba su makance ba. In ta sake ta da maganar taga, amsarsa ɗaya ce: "Yaya, ki yi haƙuri, magana tana gaban manya."

Damina ta wuce, aka fito da murhu tsakar gida. Jan idon ya ragu, mazan gidan suka sami abin da suke nema. "Kun gani, ai ta warware," in ji Ɗanasabe. Mudi ma ya ji sanyi a ransa, ya ce yanzu babu gaggawa. Ba su lura ta daina zura zare a allura ba. Ba su lura in mutum ya shigo sai ya yi magana take kiran sunansa ba. Tani ce kaɗai ta lura, don ita ke tsince mata tsakuwa a gyaɗa a ɓoye.

Da gajimare ya sake haɗuwa, murhu ya koma ɗakin goro. A wannan daminar ce aka zo rubuta yaran da za a kai makarantar boko, sunan ɗan Mudi ya fito. Mudi ya ruɗe. Ya tafi gaban hakimi ya roƙa a bar masa yaron ya yi karatun allo ya taya shi noma. Buƙata ɗaya ce, kuma ya kashe ta a nan. Da ya dawo ya bi ta bayan rumbuna don kada ya wuce ƙofar yayarsa. Ta ji takunsa duk da haka.

"Auta, kai ne? Har yanzu shiru?"

"Shiru, Yaya. Amma na tuna musu."

"Kada ka matsa musu da yawa, su ji haushinka saboda ni."

Wannan maganar ta fi zagi zafi a wurinsa. Ya tafi gona ya yi ta sara har tafin hannunsa ya fashe, kamar ciyawa ce ta yi masa laifi.

Abin ya ci gaba da lalacewa a hankali, yadda masu gida za su iya kau da kai. Fari-fari ya fara rufe baƙin idonta na hagu. Na dama yana gani dishi-dishi. Ta koyi auna gishiri da yatsa, ta koyi gane nunar ƙuli da ƙamshi. Wani malami da ya zo wucewa ya ce akwai asibitin ido a Kano, a sa ta a mota daga Kwanar Dangora tun abin bai yi nisa ba. Ɗanasabe ya yi masa godiya, ya raka shi ƙofa, ya dawo ya ce, "Yanzu ana tsakiyar noma, wa zai yi wa 'yan gayya tuwo? A bari a kai amfani gida." Da aka kai amfani gida sai ya zama lokacin gyaɗa ne, tuya ba ta tsayawa.

Da damina ta uku ta kama, ran nan da hantsi aka ji ƙara a ɗakin goro. Tani ta ruga ta tarar Hasana ta kai hannu za ta ɗauki matsami, ta tsoma shi cikin tafasasshen mai. Ba ta yi kuka ba, tana zaune riƙe da hannun tana salati, tana cewa a kwashe ƙulin kada ya ƙone. Tani ta fito da ita, ta shafa mata abin da za ta shafa, sannan ta wuce ɗakinsu inda Mudi ke gyara fartanya.

"Malam, ina da tambaya. Tsakaninka da Allah, ka taɓa kai maganar tagar nan?"

Mudi bai ɗago ba. "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Irin wadda ake amsawa da i ko a'a. Fadama ka roƙa, an ba ka a take. Yaro ka roƙa, an bar maka. Taga ce kaɗai ta gagari hukuma?"

"Ke ba ki san yadda ake magana da manya ba."

"Ban sani ba. Amma na san matar da ta goye ka ba ta ganin kaskon da ke gabanta. Kullum in ta yi salla sai ta yi maka addu'a, wai kana shan wahala saboda ita. Ni kunya ke kama ni in na ji."

Ta fita ta bar shi. Mudi ya ji kamar ya nutse. Ya rantse a ransa wannan Juma'ar ko za a kore shi sai ya faɗa.

Ranar ta zo. Yana sa takalmi a zaure sai Ɗanasabe ya riƙo hannun rigarsa. Mai unguwarsu ya rasu, ana neman wanda za a naɗa, kuma Ɗanasabe ya ga babu wanda ya cancanta sai mai gidan da Turawa ke zuwa kallo.

"Yau maganata za ka kai. In aka naɗa ni, taga ai abu ne mai sauƙi, ni da bakina zan nema. Kada ka haɗa min da wata magana ka ɓata min lamari."

Mudi ya gyaɗa kai. Bai taɓa musa wa yayansa ba. Ya je ya faɗi, ya kai maganar unguwa, aka ce an ji. Har ya yunƙura zai tashi sai hakimi ya dube shi da fara'a.

"Mudi, yaya gidan namu na tarihi? Babu wata damuwa dai ko?"

Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Kalma kaɗan za ta wadatar. Amma ya riga ya kai buƙatarsa ta ranar, fadawa suna kallonsa, kuma tun yana yaro ya san amsar da ake ba babba in ya tambayi gida.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Babu komai sai alheri."

Ya tashi ya fito. A hanya ya zauna gindin wata tsamiya ya daɗe, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Da ya isa gida Hasana ba ta ma tambaye shi ba. Ta daina tambaya. Tana zaune da hannu a naɗe cikin tsumma, tana tuƙa tuwo da ɗayan.

Aka naɗa Ɗanasabe mai unguwa, aka yi kiɗa, Hasana ta yi girkin baƙi. Maganar taga kuwa ya ce sabon naɗi ba ya fara aiki da roƙo, sai ya ɗan kwana biyu.

Ƙarshen wannan daminar Baturen nan ya dawo zagaye, shi da Malam Rufa'i. Ɗanasabe ya sha babbar riga yana gaba yana nuni. Da suka zo ɗakin goro ya so ya wuce da su, amma Bature ya tuna da zanen rufin, ya sunkuya ya shiga. Nan take ya fito yana tari, idanunsa na ruwa. Ya sa aka kashe wutar, aka jira hayaƙi ya lafa, ya koma da tocila. Zanen da ya ɗauki hotonsa ya ɓace ƙarƙashin kunkunniya, baƙi ƙirin, tana zubowa in an taɓa. Ransa ya ɓaci sosai. Ya yi ta magana da sauri, Malam Rufa'i yana fassarawa. Hasana tana rakuɓe a gefe, ba wanda ya ce mata sannu.

"Yana tambaya, wa ya ce a hura wuta a ɗakin da ba shi da mafitar hayaƙi?"

"Ranka ya daɗe, an hana mu hudawa," in ji Ɗanasabe. "Mu kuwa masu biyayya ne."

"Ba a hana ku ba, cewa aka yi ku nemi izini. Bangon baya ai babu zane a jikinsa. Ya ce gobe a huda taga a can, ɗakin ya sha iska, a kuma gina madafi a bayan gida. Da kun faɗa tun farko, da ni ma na isa in kawo muku amsa." Malam Rufa'i ya juya ya dubi Mudi. "Kai da nake gani kowace Juma'a, me ya hana ka yi magana?"

Mudi ya sunkuyar da kai. Ya saci kallon yayarsa, ya ga Tani ta riga ta ja ta zuwa cikin gida tun kafin a zo nan. Ya ji daɗin hakan, kuma ya ji ƙyamar kansa da ya ji daɗin.

Abin da ya gagara damina uku saboda idon mutum, an yanke shi a tsaye saboda zanen bango. Ba hukuma ce ta makantar da Hasana ba, hukuma ba ta ma san da ita ba. 'Yan uwanta ne suka sami inuwar da za su fake, kowa ya shiga da tasa buƙatar, suka bar ta a cikin hayaƙi. Irin gidajen nan suna da yawa, kuma ba duka ne ke da Baturen da zai zo ya yi tari ba.

Washegari Labaran magini ya zo da dagi da gizago. Kafin rana ta take ya gama, har ya shafe gefen da laka. Ɗanasabe yana zaure yana gaya wa mutane yadda ya tsaya tsayin daka har aka ba da izini. Haske ya shigo ɗakin goro karo na farko tun da aka gina shi, ya sauka a kan murhu da tabarmar da Hasana ke kwana.

Tani ta riƙo hannunta ta shigo da ita, ta zaunar. Matan gida suka taru a bakin ƙofa. Mudi yana tsaye jikin bango.

"Auta yana nan?"

"Ga ni, Yaya."

"Matso." Ya matso ya durƙusa. Ta laluba ta sami kansa, ta ɗora hannunta mai tabon ƙuna. "Na san zaryar da ka sha a kan tagar nan. Ba don kai ba da ba a huda ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka kamar yadda ka yi mini."

Matan suka amsa. Tani ba ta amsa ba. Mudi ya san bai cancanci addu'ar ba, amma ba a mayar da albarkar babba, kuma ana jiransa.

"Amin," ya ce, da ƙyar.

Hasana ta yi murmushi. Ta ɗaga fuska ta juya wajen bangon gabas, inda babu komai sai kunkunniya, tagar kuwa tana bayanta. Ta kai hannu ta kare idonta kamar mai kallon rana.

"Kai, Auta, ta yi kyau. Hasken har ya yi mini yawa."

Babu wanda ya gyara mata zama.